Tausa Ba Kokawa Ba Ce

Mutane da yawa sun ɗauka in tausa ba ta sa mutum ya cije leɓe yana nishi ba, to ba ta shiga ba. Ni kam ban yarda ba. Tsoka in ta ji an afka mata, ƙara ɗaurewa take yi don ta kare kanta. Sai ka ga mai tausa yana ta gumi, wanda ake yi wa ya riƙe numfashi, a tashi babu wanda ya ƙaru, washegari kuma jiki ya yi tsami.

Yayata a gaban kwamfuta take wuni, kuma ciwonta kullum wuri ɗaya ne, tsokar nan da ta taso daga ƙeya ta bi ta kan kafaɗa ta bazu zuwa tsakiyar baya. Da ta zauna a gabana za ta ce, "Danna da ƙarfi, kada ki ji tausayina." Ni kuma in ce, "Yaya, bari dai hannu ya gaisa da jiki tukuna." Nakan zuba mai kaɗan a tafin hannu, in murza har ya yi ɗumi, in fara shafa mai tsawo daga tsakiyar baya zuwa kafaɗa, kusan minti biyar ban danna komai ba. A nan ake gane inda matsalar take. Yatsa zai yi ta bin tsoka lafiya lau, sai ya ci karo da wani ɗan ƙulli mai tauri, ita kuma ta ɗan zabura. Nan nake ɗora babban yatsa, in nutsa sannu-sannu har ta ce "yauwa, nan ne", sai in tsaya cak na daƙiƙa 20 zuwa 30, in ce ta ja numfashi ta sake. Sau da yawa a numfashi na biyu ko na uku zan ji wurin ya saki, kafaɗar da ke ɗage ta sauko da kanta. In kuwa na ga ta kasa magana ko ta dunƙule hannu, ƙarfin ya yi yawa, sai in sassauta ko da tana cewa in ƙara.

Shafa mai tsawon nan ita ce mabuɗin salon da ake kira tausar Suwidin. Galibi wani ɗan ƙasar Suwidin, Per Henrik Ling, ake jingina wa salon, amma wani likita ɗan ƙasar Holan, Johann Georg Mezger, shi ya tsara motsin hannun a ƙarni na 19: shafawa, matsa tsoka, murzawa da bubbugawa. A hannu da ƙafa ana yin shafar ne zuwa wajen zuciya, don ta nan jinin jijiyoyin yake komawa.

Dalilin da ya sa taɓawa ke rage zafi shi ya fi burge ni. In ka buge gwiwar hannu, kafin ka yi tunani ka riga ka fara murza wurin. A 1965 masana kimiyya Ronald Melzack da Patrick Wall suka yi bayanin cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi suna haɗuwa a laka kafin su isa ƙwaƙwalwa, kuma na taɓawa yana iya danne na zafi. Shi ya sa hannu mai natsuwa yake aiki. Batun wai tausa tana fitar da "guba" daga jiki kuwa, wannan zancen talla ne. Hanta da ƙoda ke wannan aikin.

Kada dai a ɗora wa tausa abin da ba za ta iya ba. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta sa tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga sabon ciwon ƙasan baya kafin a kai ga magani. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne. Yayata in ta koma ta duƙufa a kan allon nan ba tashi ba miƙewa, ƙullin zai dawo inda yake.

Akwai wuraren da hannuna ba ya zuwa: kan ƙashin baya kai tsaye, gaban wuya inda manyan jijiyoyin jini suke, da bayan gwiwa. Ba na taɓa mai zazzaɓi, ko wurin da ke da rauni ko sabon targaɗe. Mai shan maganin tsinka jini da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, shafa mai laushi kawai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura daga ƙasan gwiwa, ta yi zafi tana ciwo. Yana iya zama gudan jini ne a jijiya, in aka matsa ya ɓalle ya tafi huhu. Wannan asibiti za a nufa nan take. Haka ma ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari.

Wanda ba shi da mai yi masa, ya sami ƙwallon tanis ya sa tsakanin bango da gefen allon kafaɗa, ya jingina a hankali har ya sami wurin, ya tsaya yana numfashi. Minti biyu a kowane gefe ya isa.