Mu duk basir muka ɗauka

Kawuna ya rasu yana da shekara 44. Kusan shekara biyu yana ganin jini a bayan gida, kowa sai ya ce ai basir ne, ba jiƙon da bai sha ba har na masu talla da lasifika a bakin tasha, sai da ya rame wando ya daina zama a ƙugunsa sannan aka kai shi asibiti, aka ce kansar babban hanji ce kuma ta riga ta kai hanta. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya tsaya min a rai tambayar da likitan ya yi wa Umma ce, "Hajiya, a gidanku akwai wanda ya taɓa irin wannan?" Ta yi shiru, ta fara ƙirga da yatsu. Babansu ciwon ciki ne ajalinsa, bai kai 50 ba, lokacin cewa aka yi sammu ne. Yayarta kuma an cire mata mahaifa saboda cutar kansa. Ni wallahi ban taɓa haɗa su ba, ina ruwan mahaifa da hanji?

Ashe akwai ruwa. Akwai wani gadon ciwo da ake kira Lynch, sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya yi rubutu a kansa a 1966. Ƙwayoyin halittar da ke gyara kuskure in jiki na sabunta kansa, irin su MLH1 da MSH2, ɗaya ce ake haifar mutum da ita a lalace, kuma in uwa ko uba na da ita to kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira. Ba lallai duk wanda ya ɗauko ya kamu ba, amma fa kansar tana zuwa da wuri, kuma ga mata har mahaifa take taɓawa.

Gwajin jini ne ke nunawa. In an samu, tun shekara 20 zuwa 25 ake fara leƙa hanji da kyamara, duk shekara ɗaya ko biyu, in an ga ɗan tsiro a tsinke shi tun bai zama kansa ba.

Umma ta yi nata na kyamarar, ta ce gwajin ba komai, ruwan wankin cikin da ake sha daren jajibiri shi ne azabar, kwana ta yi tana zarya banɗaki. An cire mata tsiro biyu ƙanana.

Ƙaramin kawunmu dai har yau ya ƙi, wai shi da girmansa ba mai sa masa kyamara ta nan. Gobe Umma za ta je gidansa da kanta, ta ce in zo in raka ta.