Littafin dokokin wasa da babu edita

Sana'ata tsara shafukan littafi ce. Daga Kaduna nake yi wa ƙananan kamfanonin Amurka da Ingila aiki ta intanet, kuma yawancin abin da ke zuwa hannuna littattafan wasannin tebur ne. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, a riƙa jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. Kakan irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974.

A shekarar 2000 kamfanin Wizards of the Coast, wanda wannan wasa ke hannunsa, ya fito da lasisin da ya ba kowa damar buga littafin da zai yi aiki da dokokin wasan. Da Kickstarter, dandalin tara kuɗin aiki daga jama'a ta intanet, ya zo a 2009, sai ya zama mutum biyu ma sun isa su zama kamfani: su nuna zane masu kyau, jama'a su zuba kuɗi tun littafin bai wanzu ba. Ta wannan ƙofa irinmu muka samu shiga, kuma ina godiya. Damuwata ita ce a wurin da yawa daga cikin waɗannan ƙananan kamfanoni, idan aka zo rabon kuɗin, edita ne farkon wanda ake sokewa. Zane ke jawo mai saye. Ba wanda ya taɓa tura dalarsa saboda an yi masa alkawarin lambobin littafi za su yi daidai da juna.

To amma lambobin su ne littafin. Labari ko an yi tuntuɓen alƙalami mai karatu zai wuce abinsa. Doka kuwa in ta saɓa wa kanta, wasa ya tsaya ke nan, kamar 'yan dara biyu da kowa ya zo da nasa ƙa'idar cin ɗa.

Akwai wani aiki da har yanzu yake min ciwo. An turo min rubutun wani kogo mai dodanni, aka ce an gama tacewa, nawa kawai in zuba a shafi. A sakin layi an ce ƙarfin ran babban dodon 45 ne, a jadawalinsa kuma 54. Sihiri guda yana da suna uku a babi uku. Taswira ta nuna ɗakuna 12, rubutu kuma ya ɓoye makullin fita a ɗaki na 13. Marubuci ɗaya Ba'amurke ne yana auna nisa da ƙafa, ɗayan daga Turai yana aunawa da mita, ba wanda ya zauna ya daidaita su. Ga kuma "duba shafi na XX" birjik, alamar da marubuci ke ajiyewa kafin a san lambar shafi. Masu wannan harka sun san ta sosai, domin ta sha fitowa haka nan a littattafan da aka riga aka buga.

Ni ba a ɗauke ni in gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kuɗina a kan shafi ake lissafawa. Marubucin kuma a kan kalma ake biyansa, 'yan senti kaɗan, don haka ba na ganin laifinsa in ya miƙa ya kama wani aikin. Amma ya zan yi in ga makulli a ɗakin da babu shi in rufe ido? Sai in tattara tambayoyi in tura. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida, amsa ba ta zuwa sai na yi shirin kwanciya, kuma sau da yawa amsar ita ce in zaɓi wanda ya fi min daidai. Wato in yanke hukunci a kan wasan da ban rubuta ba, ban taɓa bugawa ba, kuma kyauta.

Abin da ya fi cin rai shi ne gyaran da ke zuwa bayan an gama tsari. Sakin layi ɗaya aka ƙara a shafi na 30, jadawali ya tsage biyu, zane ya rabu da bayaninsa, fihirisar ƙarshe duk ta tashi aiki. Duk wannan ana yi ne cikin gaggawa, saboda kowa yana so littafinsa ya kai Gen Con, babban taron wasannin tebur da ake yi a Indianapolis ta Amurka wajen farkon Agusta, ko na Essen a Jamus a watan Oktoba, ga shi kuma da yawa a Sin ake buga su sai jirgin ruwa ya kawo. Kwafin kwamfuta ana iya gyarawa a sake turawa. Wanda aka buga kuwa sai dai a bi shi da takardar gyare-gyare, mai saye ya zauna da biro yana gyara littafin da ya biya da tsada. Idan ransa ya ɓaci, shafin sunayen ma'aikata zai buɗe, kuma sunana na nan.

Ba mugaye ba ne masu kamfanonin nan. Yawancinsu suna da wani aikin da rana, son wasan ne ya sa su. Sai dai mutum ba ya iya tace rubutun kansa, idonsa abin da ya yi niyyar rubutawa yake gani. Dole a samu baƙon ido da zai bi lamba bayan lamba, sannan wasu da ba su san marubucin ba su zauna su buga wasan daga takarda kaɗai.

Yanzu na sa sharaɗi biyu a yarjejeniyata. Ba na buɗe fayil sai an faɗa min wanda ya tace shi, kuma duk gyaran rubutu da ya zo bayan na fara tsari ana biyansa daban, a kan awa. Wasu suna ganin haka ba sa sake amsa saƙona. Wasu kuma sukan nemi in ba su mako biyu su samo edita, ni kuma nakan jira.