Wasiƙa daga Kumasi: rediyon motata da ke kwana da mantuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman mutanen Kano. Ina fatan kowa yana lafiya da iyali. Mu nan Kumasi sai godiya, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, don damina biyu muke yi a shekara. Ruwan nan ma yana da hannu a labarin da zan ba ku, ko da yake sai daga baya na gane.

Ina da wata tsohuwar Opel Astra ƙirar 1997, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, abin da a gida za ku ce tokumbo. Da ita nake jigilar kayana tsakanin Aboabo da kasuwar Kejetia. Rediyon da ta zo da shi mai cin kaset ne, ya yi zamaninsa ya mutu, sai na sayo sabo mai cin filash da bulutut. Wani yaro a bakin titi ya ɗaura min shi kafin in gama shan koko. Na zauna na jera tashoshina. Maɓalli na ɗaya na sa 99.5, ba don komai ba sai sabo, don nan Freedom Rediyo take a Kano, alhali a Kumasi Luv FM ce a wurin. Na biyu na sa Zuria FM, 88.7, inda ake jin Hausa.

Washegari na murɗa makulli, rediyo ya tashi kamar yau aka haife shi. Babu tasha ko ɗaya, agogo ya koma sifili. Na sake jerawa, gari ya waye ya sake mantawa. Ga wani kuka siriri kamar na sauro da ke fita ta sifika, in na taka totur ya ƙara tsini, in na saki ya sauka. Sifikar ƙofar direba kuwa sai ta ga dama take magana, rami ɗaya ya ishe ta ta yi shiru. Na koma wurin mai shago muka yi cacar baki, na ce jabu ya sayar min. Bawan Allah ya canza min wani. Shi ma sabon ya kwana ya manta. Har yau ina jin nauyin mutumin nan in na bi ta gaban shagonsa.

Wani maƙwabcina ne ya ce in daina wahalar da kaina in tafi Magazin da ke Suwame. Wanda bai taɓa zuwa Suwame ba, ya ɗauki Ƙofar Ruwa ya haɗa da Fantekar Kaduna, ya ninka, ya zuba musu jar laka da baƙin mai. Unguwa ce guda ta makanikai, waɗanda a nan ake ce wa fita, da masu walda da masu fenti da masu sayar da kayan gyara. Can cikin wani lungu aka kai ni wurin wani dattijo mai riwaya, wato gyaran wayoyin wutar mota, da zan kira Baba, haifaffen zango, wanda ya ce kakansa fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Hausa. Hausarsa irin ta nan ce, mace da namiji duk "shi" ne, motar ma "shi".

Na fara zayyana masa laifin rediyo, ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Ɗana, bar rediyo tukuna. Zaro shi mu ga abin da ake ba shi ya ci." Bai ko kunna shi ba. Ɗan ƙwan gwaji ya ɗauko, mai waya da tsinke, ya maƙala bakinsa ɗaya a ƙarfen mota, ya riƙa taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana sa ni ina kunna makulli ina kashewa.

Ga abin da na koya a tsaye a wurin. Rediyon mota wuta biyu yake sha. Rawayar waya tana kawo wuta kai tsaye daga batir, dare da rana, ita ce ke riƙe masa tashoshi da agogo. Jar waya kuma ba ta da wuta sai an murɗa makulli, ita ce ke ce masa ya tashi. To a tsofaffin motocin Opel da Volkswagen da yawa, ramukan waɗannan biyun a soket ɗin mota a juye suke, na 4 da na 7 sun yi musaya. Ka cusa sabon rediyo haka nan, zai yi aiki lafiya lau muddin mota na kunne, kana zare makulli ya rasa komai. Shi ya sa masu ƙera rediyo da yawa suke sa wa jar da rawayar 'yan mahaɗai a tsakiya, a cire a musanya ba tare da an yanka komai ba. Baba ya musanya su, aikin da bai kai minti ɗaya ba. Wannan ne abin da na yi mako biyu ina faɗa a kansa.

Na tambaye shi me zai hana a murɗe su biyun wuri ɗaya a huta. Ya ce ana yi, kuma masu yin haka su ne ake tura musu mota da asuba. In ka haɗa su a wayar batir, rediyo ba ya mutuwa da makulli, ka manta shi a kunne ko ya yi ta tsotson wuta a ɓoye har batir ya kwanta. In ka haɗa su a ta makulli, ka dawo gidan jiya, mantuwa.

Da ya ƙara jawo wayoyin waje sai ga abin kunya. Sheƙar tsuntsu ce ta baƙin salatif, masu motar na baya kowa ya yanka ya ƙulla nasa. Ya warware ɗaya, jan ƙarfen ciki ya zama kore shar. Nan ruwan Kumasi ya shigo. Laima tana shiga duk mahaɗar da aka murɗa da hannu, ta ci ta a hankali, salatif kuma zafi ya narkar da danƙonsa ya saki. Ku a gida ƙurar hunturu da zafin bazara ne ke busar da robar bakin sifika har ta tsage ta riƙa karkarwa, mu a nan tsatsa ce. Amma abin da ya sa Baba yin salati shi ne fiyus. A bayan rediyon akwai ɗan fiyus mai amfiya 10, a cikin akwatin fiyus na mota kuma akwai na layin rediyo. Na motar ya taɓa ƙonewa, wani gwani ya naɗa masa silin waya ya mayar. Fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin mota. Wanda ya sa masa waya ya ce ke nan in an samu matsala wayoyin bayan dashbod su yi ja su kama wuta. Na san ana yin wannan a gida, na gani da idona har da takardar azurfa ta kwalin taba. Don Allah a bari. Fiyus ɗin da ya ƙone sau biyu a jere yana gaya maka akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema.

Sai kukan sauro. Baba ya ce in tayar da mota in taka totur, ya kasa kunne. Ya ce ƙara iri biyu ce. Wadda ke yin ƙyas-ƙyas-ƙyas tana sauri da inji, daga fulogi da wayoyinsu take. Wadda ke yin fito tana hawa da sauka kuwa ta altaneta ce, wato abin da ke cajin batir. Ya ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir mota na kashe yana nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Nawa ya nuna daidai, don haka ya bar altaneta ya bi baƙar waya, wato wadda ke komawa jikin mota. Yaron bakin titi ya naɗa ta ne a wani kusa mai tsatsa da ke riƙe da roba. Baba ya nemi ƙarfe na ainihi, ya kankare fenti har ya yi ƙyalli, ya sa wa wayar zobe ya ɗaure da noti. Kukan ya ɗauke ɗif. Ya ce masu amfilifaya a but su ma haka suke fama, musamman in an shimfiɗa wayar sauti gefe ɗaya da babbar wayar wuta. A raba su, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu, kuma babbar wayar a sa mata fiyus kusa da batir, ba can baya ba.

Ta ƙofar direba ba ta ba shi wahala ba. Ya zame robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ga waya ta karye a cikin rigarta. Shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa, dole ta gaji. Ya ƙara mata sabuwa ya liƙe da dalma.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar batirin tocila. Wayoyin sabon rediyo suna da ƙa'ida: fara ta gaba hagu, ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shunayya ta baya dama, kowace da abokiyarta mai baƙin zane. Amma na cikin tsohuwar mota kowane kamfani da launinsa, balle an sha yanka su. Sai ya ɗauki batir mai 1.5 ya ɗan taɓa wayoyi biyu a kai, sifikar da suke zuwa ta yi ɓus. Ka san tata ke nan. In takardar sifikar ta turo waje, wayar da ke taɓa gefen batirin mai alamar + ita ce fozitif. Taɓawa ake yi a ɗauke, kuma ba a yi wa 'yan ƙananan sifikun nan masu siririn sauti. Da haka ya gano ta baya ɗaya a juye aka haɗa ta. In aka yi haka ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai kaurin sauti ya ɓace, ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Kuna iya gwadawa da kanku: ku karkatar da sauti gefe ɗaya, in kun ji ya fi kauri fiye da yadda yake a tsakiya, akwai wadda aka juya.

Ya kuma ja min kunne a kan abu biyu. Wasu motocin da can waya ɗaya ake kai wa sifika, ɗayar a ɗaure a jikin mota. Rediyon yanzu ba ya yarda da haka, kowace sifika sai wayoyinta biyu, in ɗaya ta taɓa ƙarfe abin ƙara sautin da ke ciki zai iya ƙonewa. Na biyu kuma halin direbobin tirotiro ne, motocin hayarmu na nan, da 'yan uwansu masu a-daidaita-sahu a Kano. Sifikar mota yawanci om 4 ce, om kuwa shi ne ma'aunin yadda take tare wuta. Ka jingina biyu a layi ɗaya sun koma om 2, rediyo ya yi ta zafi yana yankewa. Wat 50 sau huɗu da ake rubutawa a kwali ma kurari ne, abin da yake bayarwa na gaskiya wajen 20 ne a kowane layi.

Muna nan sai ga wani da Toyota Vitz yana kukan rediyonsa Zuria kawai yake kamawa da wasu 'yan ƙalilan, ba ya kai wa Nhyira FM da ke 104.5. Wannan kam ba waya ba ce. Tsofaffin rediyon da aka yi don kasuwar Japan daga 76 suke farawa su tsaya a 90. Ko dai a sa masa ɗan akwatin da ke faɗaɗa zangon a layin eriya, ko a canza rediyon. Na Amurka kuma tsalle suke yi a kan lambobin mara, 88.1, 88.3, har sama, duk tashar da ta faɗa a cika sai su tsallake ta.

Ni dai in za a ji tawa, duk mai shirin sa sabon rediyo a tsohuwar mota ya fara neman soket ɗin haɗi da ya dace da motarsa, kada ya bari a datse na asali da almakashi. Kuma ya tsaya a kan aikin ya ga inda aka ɗaure baƙar waya. Kuɗin da na ba Baba bai kai rabin na rediyon ba, har na ƙara masa na goro ya ce in bar shi, in dai na je gida in gaida masa Kano, garin da bai taɓa gani ba.

Yau wata na uku ke nan. Kullum da safe na murɗa makulli, rediyo yana tashi a 99.5 inda na bar shi, Turancin Luv FM ya cika mota, sai in danna na biyu in koma Zuria in kama hanyar Kejetia. A gaida mutanen Ƙofar Ruwa.

Naku,
wani ɗan uwanku a Aboabo, Kumasi