Kwana shida a gabar tekun Ayaland: kada ku yi irin tafiyata

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya zo hutun Sallah, bayan la'asar muna zaune a zaure ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba shirin da muka yi da abokaina." Taswirar Ayaland ce, an ja shuɗin layi daga Malin Head, can ƙuryar arewa, har Kinsale a kudu. Wai kwana biyar, a motar haya, su huɗu. Na tambaye shi wa zai tuƙa, ya ce shi. Na tambaye shi ko ya taɓa hawa hanyar ƙauye a ƙasashen can, ya ce ai wayar za ta nuna masa. Gabana ya faɗi, don layin nan na san shi. Ni ma na ja shi da hannuna a 2016, sai dai ni kwana shida na ba kaina, kuma matata na ɗauka.

Taron aiki ne ya kai ni Dablin a watan Yunin shekarar. Da ma na karanta labarin hanyar da suke kira Wild Atlantic Way, wadda aka buɗe a 2014, mai tsawon kilomita wajen 2,500, tana bin gabar Tekun Atlantika daga yankin Donegal, inda Malin Head yake, zuwa yankin Cork, inda Kinsale yake. Sai na yi lissafin ɗan Arewa. Na ce mutumin da ke tashi daga Kano da asuba ya yi magariba a Maiduguri, kilomita ɗari huɗu a yini wane abu ne? Akwai kamfanonin da ke shirya wa baƙo komai, su kama masa masauki, su zana masa hanya, shi dai ya tuƙa kansa. Akwai kuma na tafiyar ƙafa, waɗanda ke kai maka jakarka masauki na gaba kana tafe da sanda da gorar ruwa. Na duba kuɗinsu na ce tsada. Matata ta ce mu zaɓi gari ɗaya mu zauna. Na ce mata an biya kuɗin biza da na jirgi, a zauna wuri ɗaya kamar masu jinya?

Tun a filin jirgi na fara biyan kuɗin taurin kaina. Motar da na kama mai giyar hannu ce, don ta fi araha. Sitiyari a dama, giya a hannun hagu, tuƙi a hagun titi. Najeriya ta bar tuƙin hagu tun 1972, ban ma isa riƙe sitiyari ba a lokacin. Duk shataletalen da na zo sai na ji hannuna yana neman giya a jikin ƙofa. Ma'aikaciyar wurin ta yi mini tayin cikakkiyar inshora, na ƙi, na ce shekara ashirin ina tuƙi ban taɓa goga wa kowa mota ba. Wannan gaskiya ce, har yau kuma ina ganin ba girman kai ne kawai ba, mutum yana da hakkin ya dogara da abin da ya iya. Amma abin da na iya, a kan wata irin hanya na iya shi.

Babbar hanyarsu lafiya lau ce. Da ka sauka ka nufi bakin teku sai labari ya sake. Hanya ce mai faɗin mota ɗaya da rabi, katangar duwatsu hagu da dama, kwana bayan kwana, tumaki kwance a kan kwalta ba sa ko ɗaga kai. A lokacin allo ya ce kilomita 80 a sa'a, amma wanda ya yi 50 ya yi ƙoƙari. In tarakta ta shiga gabanka sai haƙuri. Abin da taswira ta ce sa'a uku, shida muke yi. A wasu yankunan ma allunan hanya da harshensu na asali kaɗai aka rubuta, ka nemi Dingle ka ga An Daingean. Kwana na biyu na fara yanke hanya, ina barin gabar tekun da na zo dominta ina bin ta cikin ƙasa don mu isa masaukin da na riga na biya. Tsaunin Slieve League, wanda tsayinsa daga ruwa ya kai mita 600, a allo kawai muka ga sunansa.

Ranar Juma'a muna yankin Mayo. Na san akwai masallaci a Ballyhaunis, ƙaramin gari ne da aikin yankan nama na halal ya tara wa Musulmi, an gina masallacin tun 1987, kuma bai yi nisa da inda muke ba. Na dubi agogo na ce mu matafiya ne, an yi mana rangwame. Haka ne, an yi. Amma ba gajiya ce ta hana ni ba, jadawalin da na rubuta da hannuna ne, kuma wannan yana cina har yau. Ga rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, sai haske ya ruɗe ka ka yi ta tuƙi, ka shiga ƙauye ka tarar an daina dafa abinci tun tara. Dare biyu burodi da madara muka kwana da su. Matata ba ta ce komai ba, kuma na fi son da ta yi faɗa.

Sai Moher. Duk wanda ya ga hoton Ayaland ya ga waɗannan duwatsu, bango tsaye mita 214 a inda ya fi tsayi, teku na dukansa daga ƙasa. Mun iso da hantsi hazo ya rufe komai. Muna jin rurin ruwa da kukan tsuntsaye, ba ma ganin ko taku goma. Wata dattijuwa mai sayar da shayi ta ce mu dakata, yanayin nan ba ya daɗewa. Matata ta ce mu kwana a Doolin, ƙauyen da ke kusa, gobe mu taka da ƙafa. Na ce jirgin fito na Killimer yana jiranmu, masauki kuma yana Kerry. Minti arba'in muka yi muka tashi. Da yamma, a wata ƙaramar hanya, motar yawon buɗe ido ta ɓullo daga kwana, na kauce hagu fiye da kima, katanga ta kwashe madubi ta yage ƙofar baya. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Abin da aka cire daga katina ya fi kuɗin hayar motar gaba ɗaya.

Wani lokaci nakan ce wa kaina ai gani ya kori ji, na dai taka ƙasar, kuma da na bi motar 'yan yawo da an kora ni kamar akuya daga wannan wuri zuwa wancan. Akwai gaskiya a ciki. Safiyar da muka yi a Slea Head, kusa da Dingle, mu kaɗai, tsibiran Blasket a gabanmu, ba mai jagora da zai ba ka ita. Sai dai sa'a ɗaya ce cikin kwana shida, sauran duk bayan motar wani nake kallo.

Na yi niyyar rubuta wa yaron nan shawara goma. Da na zauna sai na ga ba su kai ba. Ka zaɓi yanki ɗaya, Clare inda Moher da Doolin suke, ko Kerry, ko Donegal, ka kwana uku a gado ɗaya. Zagayen Kerry kaɗai kilomita 179 ne, ya ishe ka yini guda cur. Ka biya cikakkiyar inshora, ka ɗauki mota mai canja giya da kanta, ƙarama. In ba ka kai shekara 25 ba ka sa ran ƙarin kuɗi, wasu ma ba za su ba ka ba. Kuma bizar Ingila da ke fasfonka na Najeriya ba ta shigar da kai Jamhuriyar Ayaland, tasu daban ce, ba kuma ta Shengen ba ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai. Da na faɗa masa wannan sai ya zaro ido. Wata uku suna shiri, an zaɓi wuraren ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya duba biza! Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu ke nan. Komai na hannunsu, ba sa karanta komai sai abin da ke motsi a fuskar waya. Mutum zai tsaya a bakin tsauni ya juya wa teku baya don ya ɗauki fuskarsa, iska kuwa a wurin tana iya ture babba.

Da zan sake, mota ma ba zan ɗauka ba. Zan bi hanyar ƙafa ta Kerry ko ta Dingle, kilomita goma sha biyar zuwa ashirin a yini, da rigar ruwa da takalmi mai kauri, in bar wa kamfani ɗaukar jaka. Ko da yake shi ban ce ya yi haka ba. Yaron da bai taɓa taka kilomita biyar cikin yayyafi da sanyi ba, kwana na biyu zai zauna a gefen hanya ƙafa duk ƙuraje. Gara ya ɗauki motar. Kada ya biya masaukin kowane dare tun daga gida, shi ne igiyar da ta ja ni daga Moher. Amma a Yuli da Agusta wanda bai kama ɗaki da wuri ba a mota zai kwana, don haka ya kama. Ya san yadda zai yi da wannan, ni ban iya warware shi ba.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To Kawu, in muka mai da shi kwana bakwai fa?" Na ce ya kira gwaggonsa, wato matata, ta ba shi labarin Doolin. Ta fito ta zauna, ta ce ita abin da take tunawa shi ne ƙarar ruwan da ba ta gani ba. Jiya ya turo mini sabuwar taswira. Ya cire Cork, ya sa kwana biyu a Clare, amma layin har yanzu daga Malin Head ya faro.