Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jar Riga Mai Farin Hannu

Na san a makon jiya na yi alkawarin yau za mu shiga shekarun da na fara aiki. Ku yi mini afuwa, ba zai yiwu ba. Yaya ya zo gidana ranar Asabar, ya tarar da ƙaramin ɗana sanye da jesin Arsenal, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Har yaron ma ka sa shi a wannan shirmen? Riga ce fa kawai." Riga ce kawai. Abin da ya gaya mini ke nan shekara ashirin da wani abu da suka wuce, kuma har yau bai ga laifinsa ba.

Rigar da nake magana Kawu ne ya ɗinka ta. Waɗanda suka bi mu tun kashi na uku sun san Kawu, sun san bai damu da ƙwallo ba, ko sunan ɗan wasa ɗaya bai riƙe ba. A 1998, shekarar da Arsenal ta haɗa kofin Firimiya da na FA, na kai masa hoton 'yan wasan da na yago daga wata mujalla. Ya daɗe yana kallo, ba fuskokinsu ba, ɗinkin. Sai ya ce, "Ɗan nan, wanda ya yi tunanin wannan tela ne, ko bai taɓa riƙe almakashi ba. Riga da hannu ake gane ta." Ya samo jan yadi ya yanka jiki, ya yanka hannaye daga ragowar wani farin yadi, ya zana JVC, sunan kamfanin da ke ƙirjin rigar, da alli ya yanke haruffan ɗaya bayan ɗaya ya bi su da keke. Da Kanu ya baro Inter ya zo a watan Janairun 1999, na mayar da ita ya ƙara mini lambarsa 25 a baya.

Sai da na girma na gane Kawu ya harbi gaskiya ba tare da ya sani ba. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ƙungiyar a 1886, kuma labarin da ake bayarwa shi ne wasu daga cikinsu tsofaffin 'yan wasan Nottingham Forest ne, suka roƙi tsohuwar ƙungiyarsu taimako, aka aiko musu da riguna da ƙwallo. Rigunan ja ne mai duhu tun daga wuya har wuyan hannu, babu fari ko ɗigo. Haka suka yi ta sawa, har suka koma filin wasa na Highbury a 1913, har Herbert Chapman ya karɓi horar da su a 1925. Shi ne a 1933 ya ce a ƙara wa jan haske, a mayar da hannayen farare. Wasu sun ce wani ɗan kallo ya hango da jar suwaita marar hannu a kan farar riga, abin ya burge shi. Ni dai abin da na ɗauka shi ne mutumin ya fahimci cewa jajayen riguna sun yi yawa a Ingila, kuma ɗan wasan da ke gudu ba shi da lokacin duba fuska, da gefen ido yake neman abokinsa. Chapman bai daɗe yana kallon aikinsa ba, ya rasu a Janairun 1934. Amma Hibernian ta Sikotland ta ɗauki salon ta sa wa koriyar rigarta, Braga ta Fotugal kuwa ta kwashe shi gaba ɗaya.

To ina "riga ce kawai" a nan?

Yaya ɗan Chelsea ne saboda Babayaro. Ranar 23 ga Oktoban 1999 suna gaban Arsenal da ci biyu a filinsu na Stamford Bridge, ana ruwan sama, yana ta tsalle yana ja mini kunne. Cikin minti goma sha biyar na ƙarshe Kanu ya zura uku. Ta ukun ma daga bakin layi ya yanke gola ya buga ta inda babu hanya. A ranar ba ma ja 'yan Arsenal suka sa ba, rawaya ce mai SEGA a ƙirji, amma ni na ruga ɗaki na sako tawa ta Kawu na zo na tsaya a gabansa, ban ce uffan ba. Bayan na koma makarantar kwana ya ɗauke ta ya bai wa ƙanin wani abokinsa. Da na dawo hutu na tambaya, ya ce ai ta matse ni. Ba ta matse ni ba. Kawu ya bar mata sarari a hammata da gangan, ya ce yaro kullum girma yake. Inna ta ce in yi haƙuri babba ne. Na yi haƙurin, ga shi kuna karantawa.

Rawayar nan ma tana da nata tarihin, kada wani ya ɗauka ta haye ce. Da ita Charlie George ya ci Liverpool a wasan ƙarshe na kofin FA a 1971, da ita aka doke Manchester United 3-2 a 1979, da ita Michael Thomas ya ƙwace kofin lig a Anfield a daƙiƙun ƙarshe a 1989. Sai dai da ita kuma muka yi kuka a Paris a 2006 a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, golanmu Lehmann ya sha jan kati, Barcelona ta ci mu 2-1. Ina girmama ta, amma ban taɓa sayenta ba. Hannunta ba ya cewa komai.

Na tsallake abubuwa da yawa. Kawu ya rasu kafin kakar 2003 zuwa 2004 da aka yi wasa 38 na lig ba a doke mu ba, O2 a ƙirji, sabon tambarin 2002 da bakin igwa ya juya gabas. Allah Ya jiƙansa. Da yana raye da na kai masa hoton ya duba ɗinkin Nike ya faɗi ra'ayinsa, don shi ba ya raga wa kowa a kan wuyan riga.

Sai kakar 2005 zuwa 2006, ta bankwana da Highbury. Ƙungiyar ta koma ja mai duhu irin na 1913, rubutu ruwan zinare, hannu da jiki launi ɗaya. Yaya, wanda a lokacin Mourinho kocin Chelsea ya sa ba a iya zama da shi, ya kira ni takanas ya ce, "To malam, ina hannun? Ka ce Kawu ya ce da hannu ake gane ta." Wato ya riƙe maganar sarai, ya san abin da ya bayar. Na ce masa wannan rigar ta'aziyya ce, ana sa ta kaka ɗaya a ninke. Henry ya ci Wigan uku da ita a wasan ƙarshe, ya durƙusa ya sumbaci ciyawa, da aka shiga sabon filin Emirates farin hannu ya dawo. Daga Nike aka koma Puma a 2014, aka koma Adidas a 2019, kowa ya zo da ƙawarsa, wannan ya sa zane a kafaɗa, wancan ya canja wuya, wasu ma ƙawar ta yi yawa, amma maganar Kawu na nan a kan ƙafarta.

Akwai hujjar da ta fi tasa ƙarfi, bai san da ita ba. A tsakiyar shekarun 1960 Arsenal ta yi kaka biyu da riga ja zalla, ba don tunawa da kowa ba, haka kawai aka cire farin. Ba ta ci kofin komai da ita ba, a 1967 aka mayar da hannun. Da Yaya ya san wannan da ya ishe ni da shi a kowane taron dangi. Na rubuta ne a can ƙasa saboda na san shi, bai taɓa karanta abin da ya wuce layi biyar ba.