Talata, da tambayar Yaya

Da murna na tashi yau, domin jiya da daddare na gano abin da ke sa ƙananan filallukan nan biyu langaɓewa. Ashe cikin ne ya yi wa rigar kaɗan. Riga santimita 45, ciki ma 45, dole kusurwoyi su zauna wayam. Na zaro cikin tsofaffin nan masu 50 na cusa, sai ga su sun miƙe tsaf, kowane lungu ya cika.

Sai na jera su yadda na daɗe ina so. Manyan nan biyu masu 65 a jikin allon gado, na barci jingine a gabansu, ƙananan biyu a gaba, sannan dogon nan na karan-miski shi kaɗai a tsakiya. Na ado biyar ke nan. Na sha gwada huɗu, na gwada shida, ido ba ya samun inda zai sauka sai da guda ɗaya a tsakiya. Zif duk na juya ƙasa. Na ja da baya zuwa bakin ƙofa ina kallo, raina fes.

Da yamma Yaya ta zo. Na ja hannunta har ɗaki. Ta duba, ta ɗan taɓa karan-miskin, ta ce, "Ya yi kyau kam. Amma ke, wa zai gani? Ɗakin da kullum a rufe yake. Anjima da dare ai kwashe su za ki yi."

Na ce, "Haka ne, Yaya." Shi ke nan abin da na iya faɗa.

Ba da mugun nufi ta yi ba, na san halinta, abin da ke ranta shi ke bakinta. Kuma ba ƙarya ta yi ba: kowane dare sai na kwashe su na zuba a kwando, kowace safiya na mayar. Abban yara ma bai taɓa riƙe wanne ke gaba wanne ke baya ba. Amma tun da ta tafi tambayar take cina. Wa zai gani? Ni zan gani mana. Sau nawa nake shiga ɗakin nan a wuni, ɗauko wannan, ajiye wancan? Falo kafin in juya baya yara sun hargitsa shi, wanke-wanke ba ya ƙarewa. Gadon nan ne kaɗai nake gyarawa da safe in dawo da yamma in tarar da shi yadda na bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda na yi saurin cewa haka ne, kamar idona ba ya cikin lissafi. Har na ɗauki waya zan kira ta, na ajiye. Me zan ce mata, a kan filo?

Tarin Auta ya yi sauƙi. Wanki bai bushe ba, na kwaso shi haka.

Yanzu suna cikin kwando su biyar. Da nake kwashewa na lura koren filon nan ya yi wa karan-miskin haske da yawa a hasken fitila. Gobe zan sa masa rigar nan mai ruwan toka in gani.