Inda na kai a neman wurin nutso a hunturun bana

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon nutso da tukunyar iska. Da yawanmu a Legas muka karɓi horon farko, muka dawo gida da takardar shaida, sai kaya suka zauna a ɗaki suna shan ƙura saboda ba teku a Kebbi. Tun da sanyin bana ya shigo nake yawon neman ruwan da za a iya shiga a nan kusa, ga kuma abin da na samu.

Na fara da Yauri, kuma har yanzu a can zuciyata take. Tafkin Kainji, wanda ya taru bayan kammala madatsar ruwan a 1968, ya miƙe sama da kilomita 130, ya ratsa ƙasar Ngaski har ya taɓo Yauri. Abin da ya sa hunturu ya zama lokacinmu shi ne Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na farko farin ruwa ne, na daminar ƙasarmu, daga Agusta zuwa Oktoba, cike da laka kamar kunun da aka dama. Na biyu baƙin ruwa ne, wanda ya sauka tun daga tsaunukan Gini, ya bi ta fadamun Mali ya yi watanni yana tafiya, lakarsa ta kwanta a hanya, sannan ya iso mana wajen Disamba a tace. Wanda ya leƙa tafkin a ƙarshen damina ya ce ba ya shiguwa, ya koma a Janairu ya sake dubawa.

Ba na yarda da ido kaɗai wajen auna hasken ruwa. Farin faranti na huda a tsakiya, na zura igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, na ɗaura ƙarfe a ƙasansa. Daga cikin kwalekwale nake sauke shi a gefen inuwa har ya ɓace, in rubuta inda igiya ta tsaya. A Oktoba bai kai kamu ɗaya ba ya ɓace. A Janairu, a wani lungu mara gudu kudu da Yelwa, ya haura mita ɗaya. Na san wanda ya saba da teku zai raina wannan, amma ya ishe ka ganin agogonka da hannun abokinka, kuma da shi ake koyo.

Kafin faranti ma, akwai abin da ya fi shi muhimmanci, wato zama da masu ruwan. Sarkawa da Gungawa sun san ƙasan tafkin nan tun ba a haife mu ba, wasu iyayensu sun yi noma a wuraren da yanzu ruwa ya shanye. A ƙauyen da na zaɓa, sai da na je gaisuwa wurin Sarkin Ruwa da goro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka ne ya zo neman izini da shawara." Ya juya tukunyar ya dube ta da kyau, ya ce, "Ɗana, iskarka ba za ta hana kalli kama ka ba. Gabas da wancan gungun dorina ke kwana da 'ya'yanta, ko da rana kada ka doshi wurin. Yamma kuma itatuwa ne a tsaye a ƙasa." Ya haɗa ni da wani matashi mai kwalekwale, ya ce duk inda yaron ya ce a'a, to a'a ne.

Maganarsa kan kalli, wato ragar kamun kifi, ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ina roƙon ku ɗauke ta da gaske. Itatuwan da ruwa ya cinye ba duka aka sare ba, kututturansu na nan, kuma a jikinsu tsofaffin raga da zaren mamari mai ƙugiyoyi suke maƙalewa su zauna shekaru. Zaren roba ba ya ganuwa a ruwa mai duhu, sai dai ka ji an riƙe maka ƙafa ko kan tukunya. Saboda haka abin yanka biyu nake ɗauka, wuƙa a ƙirji da almakashi a ƙugu, inda kowane hannu zai iya kaiwa. Muna gwada yanke zare ido a rufe a bakin ruwa kafin mu shiga. Ni da abokin nutsona kuma ba ma rabuwa fiye da miƙon hannu, muna bin igiya ɗaya da aka sauke daga kwalekwale da nauyi a ƙarshenta.

Sanyi fa? Ma'aunina ya nuna digiri 23 a wurin da muke shiga. Ba ƙanƙara ba ce, amma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, bayan rabin awa sai ka ji yatsu sun fara nauyi. Rigar roba mai kaurin milimita 3 ta wadatar da ni a ciki. Wahalar tana wajen fitowa ne, inda iskar hunturu ke kaɗa jiƙaƙƙen jiki. Shi ya sa ba ma shiga sai hantsi ya dubi ludayi, mu fito kafin la'asar, da tawul da rigar sanyi da shayi a filas suna jira a kwalekwale. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango gaɓa, zama muke yi, don in ruwa ya ja ka gefe mai jirgi ba zai gan ka ba.

A ɓangaren koyo, na tsaya tsakanin mita 5 zuwa 6, duk da takardata ta ba ni damar 18. Dalili kuwa, ɗakin matsin da ake jinyar wanda ya taso da gaggawa yana can bakin teku, nesa da mu ƙwarai, don haka zurfi ba abin nema ba ne a nan. Abin da na ci riba a kansa shi ne daidaita jiki. Ruwan daɗi ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri, sai da na rage kusan kilo 2 daga dalmar da nake ɗaurawa a Legas kafin in iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Yanzu ina iya wucewa ta saman laka da harbin kwaɗo ba tare da na tayar da ita ba, wanda a farkon sanyi ya gagare ni. Fitar da ruwa daga gilashin fuska a cikin duhu ma ya zauna. Ko a wannan ɗan zurfin ina tsayawar minti 3 kafin in fito, kuma ba na barin iskar tukunya ta sauka ƙasa da 50 a ma'aunin matsi (bar), don hannu ya saba.

Ramukan fasa dutse da na masu aikin hanya na duba wasu, ban shiga ko ɗaya ba. Samansu yakan yi haske a hunturu har ya ja hankali, amma bangonsu a tsaye yake, ba wurin da za ka fito da abokin da ya galabaita, ga rodi da tarkacen ƙarfe a ƙasa. In an sami wanda motoci ke gangarawa a da, gangaren na nan a ƙarƙashin ruwa, mai wurin kuma ya amince, zan sake tunani. Ramukan haƙar zinare na Zamfara kuwa babu maganarsu gaba ɗaya. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 daga duwatsun nan ta fito, kuma mai nutso ba ya rasa haɗiyar ruwa.

Wasunku sun yi tambaya kan madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978. Tana cikin lissafina, amma da sharuɗɗa: izinin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima a rubuce, nisantar ƙofofin da ke jan ruwa, da kuma jin ta bakin mutanen gari kan lafiyar hanya a ranar tafiya. 'Yan Gusau kuma ku lura, garinku ya haura mita 300 sama da teku, lissafin nutso yana canzawa daga nan, sai ku saita agogonku na nutso. Yauri ba ta kai haka ba.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Iskar tukunya dole ta fito daga injin da aka ƙera don numfashi, mai matata sabuwa, a kafa shi nesa da hayaƙin janareta. Injin bakanizo yana haɗa iska da mai, ba ya shiga wannan harka ko kusa. Ƙurar hunturu ma tana toshe matata da wuri, a riƙa dubawa. Na biyu tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗin da ke cikin ciyawar bakin ruwa ta shiga ta fata. Shi ya sa daga kwalekwale muke faɗawa, ba ma ratsa ciyawa da ƙafa, kuma na ƙudura zuwa gwaji a asibiti idan lokacin ya ƙare.

Daga yanzu zuwa Maris zan ci gaba da sauke farantina a lungunan ɓangaren Ngaski, inda tafkin ya fi faɗi, in ga ko hasken zai ƙaru kafin ruwa ya fara ja da baya. Wanda ke Zuru ko Argungu ko Gummi, in akwai ruwa kusa da shi, ya huda faranti ya auna, ya rubuta wata da awa da abin da masunta suka ce a kan wurin, mu haɗa da nawa.